Shanun Laka a Tagar Aji Uku

Babban Duhu,
Litinin, 4 ga Oktoba.

Zuwa ga Gwaggo Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙarfin jiki, ya ƙafar nan taki? Ya mutanen Karare, ya aikin kaka? Ni lafiya lau nake, in ban da zazzaɓin baƙunta da ya kayar da ni kwana biyu, shi ma ya wuce.

Kar ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka ɗauke sabis a yankin nan wayata ta koma tocila. Sahabi direba ya ce duk mako yana bi ta Batsari ya shiga Karare ɗaukar gyaɗa, shi ne na ce bari in gwada irin na zamaninku. Na san tun rasuwar Baba zumunci ya yi sanyi tsakaninmu, kuma laifin namu ne. Amma kullum yana cewa taubashiyarsa Uwani ko dutse aka ajiye mata a aji sai ya iya karatu, shi ya sa da na rasa mafita ke kika faɗo mani a rai.

An turo ni wata 'yar makaranta a gefen garin nan, an ba ni aji uku. Karatu da lissafi ba su dame ni ba, ko daga barci aka tashe ni zan koyar da su. Aikin hannu ne ya tsaya mani. A kwaleji an koya mana yanka takarda mai launi da fenti da almakashi, a nan kuwa ko alli sai an raba biyu. Malamin da na gada tsintsiya yake sa yara su kawo, iyaye su sayo a kasuwa, ya ba da maki. Ni ba zan yi haka ba, ba don wannan na yi shekara uku ina karatu ba.

Akwai kuma yara goma sha huɗu daga rugagen da ke bayan gari. Hedimasta, Malam Tayyib, ya ce shekara biyu ya yi yana sintiri wurin iyayensu kafin su yarda su sako su. Suna zaune a baya kamar baƙi a gidan suna, ba su dariya, ba su ɗaga hannu. Ya ce mani in na kore mashi ko ɗaya, ni da shi ne. Na ce ya kwantar da hankalinsa, kafin hutu sai sun fi kowa surutu.

Ki taimaka mani da dabarar da ba ta buƙatar kayan kanti. Ki gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Mahfuza


Karare,
Asabar, 9 ga Oktoba.

Ɗiyata Mahfuza,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, ƙafa kuwa tana nan tana mulkinta, in ta ga dama mu je makaranta, in ba ta ga dama ba mu rarrafa. Gero ya yi, alhamdu lillahi, gyaɗa ce ruwa ya ɗan yi wa yawa. Allah ya jiƙan ubanki. Wasan da ke tsakanina da shi ke kika gada, don haka ki shirya.

Ashe sai da aka ɗauke sabis kika tuna kina da gwaggo? To Allah ya ƙara wa sabis nisa. Rubutunki ma na gani, in ɗalibata ce ke sai kin sake shi.

Kin ce ba ku da kayan aiki. Kina tafiya a kan kayan aikin kullum, takalminki ma ya sani. Ki sa yara su ɗebo maki laka daga bakin rafi ko ƙasar suri. Ku jiƙa ta ta kwana, ku tsince tsakuwa, ku kwaɓa da ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki da aka daka, in ba haka ba za ta tsage. Kar ki yamutsa fuska, da shi aka yi ɗakin da aka haifi ubanki. Abin da aka gina a shanya shi a inuwa, rana fasa shi take yi. Launi kuma ga farar ƙasa, ga jar ƙasa, ga gawayi. Ki niƙa kowanne ki dama da ruwan ƙaro don ya kama. Buroshi kuwa, a tauna bakin asuwaki ya yi laushi, ya gama.

Kar ki ce su gina jirgin sama ko giwa, ba su taɓa gani ba. Ki ce kowa ya gina abin da ke gidansu. Yarana na nan sukan yi rumbu, da turmi, da kaji, da tukwane. Abu biyu zan hore ki da su. Kar ki sa hannunki ki gyara wa yaro aikinsa, ko da kazarsa ta fi kama da kwaɗo. Kuma kar ki tambaye shi mene ne wannan, ki ce ya ba ki labarinsa. Yaron da ya ƙi magana a kan allo zai yi magana a kan abin da ya gina da hannunsa.

In sun bushe sai ki jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kowa ya jera nasa ya ƙirga, ki yanka kwalin sabulu ki rubuta sunansa da adadin, ki kafa a gaba. Kin ga an yi aikin hannu, an yi lissafi, an yi karatun suna. Shekara talatin ina yin haka, ban taɓa jin kunya ba.

Ki gwada ki ba ni labari. Ga ƙaro nan cikin leda na ba Sahabi, in ya ce bai gani ba ki duba bakinsa.

Gwaggonki,
Uwani


Babban Duhu,
Litinin, 18 ga Oktoba.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa ta sassauta. Mu nan lafiya, an yi ruwan ƙarshe ranar Talata, mutane suna ta yankan gero. Ƙaro ya iso, Sahabi bai taɓa ba.

Gwaggo, ki ba ni tukwici! Tun ranar da muka kwaɓa laka ajina ya koma kasuwa. 'Ya'yan manoma sun yi rumbuna da jakuna da garma, wasu sun yi kyau, wasu sai mai su ya yi bayani. Amma yaran ruga, su ne suka ba ni kunya da takardar shaidata. Ashe tun suna rarrafe suke gina shanu da laka a bakin mashaya. Ni da na zo koya masu sai na koma 'yar kallo.

Akwai wata 'yar siririya, Nusaiba, ɗiyar Malam Jinjiri, wadda tun zuwana ban ji muryarta ba sai a kiran suna. Ta gina saniya ta farko kafin in gama zagaya aji. Tozo, da fatar wuya, da yadda ƙaho ya karkata, har tsagar kunne da suke yi wa shanunsu ta yi da tsinke. Na bi maganarki na ce ta ba ni labarinta. Ta ce, "Wannan Saye ce, ba ta son a bi ta hagunta." Ta gina wata ta shafa mata gawayi ta ce, "Ɓaleye ce, ita ke gaba in za a tafi ruwa." Daga nan bakin ya buɗe, har sai da na ce ta dakata wasu su samu. Kowace saniya da sunanta, da uwarta, da halinta. Ko an tashi tara ba su fita, suna nan tsugune suna gini. Mako guda suka yi a kai, kowa ya gino garken gidansu kaf.

Abu ɗaya ne ya ba ni tausayi. Da na ce kowa ya ƙirga nasa, 'ya'yan manoma suka ƙirga, su kuwa suka sunkuyar da kai. Na ce, "Nusaiba, nawa ne naki?" Ta ce, "Malama, ba a ƙirgawa." Sauran ma haka suka ce. Kin ji fa, yara a aji uku, ko shanun ubansu ba su san adadinsu ba, kunya ta hana su cewa ba su iya ba. Ban tsananta masu ba. Da aka tashi na zauna na ƙirga masu da kaina, na rubuta a kwali da manyan baƙaƙe, kowa da sunansa da na ubansa. Na Nusaiba talatin da ɗaya ne.

Ranar Juma'a na jera su a kan tagogin da ke kallon hanyar kasuwa, kowane garke da katinsa. Tagoginmu ba su da murfi, don haka duk mai wucewa sai ya tsaya. Har masu babura suna rage gudu. Malam Tayyib ya ce tun da aka gina makarantar ba a taɓa tsayawa kallonta ba sai yanzu. Ba na faɗa maki kafin hutu sai sun fi kowa surutu ba? Ko wata ba a yi ba.

Me zan sa su yi gaba? Ina tunanin motar kara.

'Yarki,
Mahfuza


Karare,
Alhamis, 21 ga Oktoba.

Mahfuza,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan, don Sahabi yana waje yana danna mani ham.

Duk abin da kike yi ki ajiye, ki je ki cire katunan nan daga taga, ki sauko da shanun. Yau, ba gobe ba.

Yaran nan sun iya ƙirga. Yarinyar da ta san uwar kowace saniya ba talatin da ɗaya zai gagare ta ba. Gaskiya ta faɗa maki, makiyayi ba ya ƙirga shanunsa a gaban mutane, ba ya faɗin adadinsu ko ga surukinsa. Da suna da kama yake sanin su, in ɗaya ta ɓace da kallo ɗaya zai gane. Tun zamanin jangali suke ɓoye adadi, ga kuma tsoron baki. Wannan na da ke nan. Yanzu kuwa kin fi ni sanin halin da ake ciki, kin san akwai masu zagayawa suna kai labarin gidan da ke da dukiya. Kin rubuta sunan mutum da yawan shanunsa da alamar kunnensu, kin kafa a bakin hanyar kasuwa.

Laifina ne. Kin rubuta mani zancen yaran ruga a takardarki ta farko, idona ya bi ta kan layin ya wuce, hankalina yana kan kajin yaran Karare. Ni da na yi shekara uku ina koyarwa kusa da rugagen Yasore, har wata tsohuwa ta taɓa kora ta daga gidanta a kan tambayar nan, ni ce ban kamata in manta ba.

Ki cire, sannan ki rubuto.

Uwani


Babban Duhu,
Litinin, 1 ga Nuwamba.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Mako biyu ke nan ban ga amsarki ba, Sahabi ma ban gan shi ba. Wannan takardar Kande mai ƙuli-ƙuli na ba, za ta shigo Karare sayen gyaɗa. In ƙafa ce, Allah ya ba ki lafiya. In kuwa don ɗaliba ta fara wuce malamarta ne kika yi shiru, ki yi haƙuri, ke kika koya mani.

Wasa nake yi, amma raina a ɓace yake. Ranar Laraba ana tsakiyar darasi Malam Jinjiri ya yi sallama a bakin aji. Dogo ne, da sandarsa a kafaɗa. Muka gaisa sosai, ya tambayi aiki, ya tambayi baƙunta. Na ɗauka kallo ya zo, har na ja shi wurin taga ina yaba mashi Nusaiba. Ya daɗe yana duban shanun, bai taɓa ko ɗaya ba. Sai ya zare katin ya riƙe.

Ya ce, "Malama, ke kinka rubuta wanga?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "Ɗiyata ta ba ki lissahin?"

Na ce a'a, ai ba ta iya ba tukuna, ni na ƙirga mata, amma kafin ƙarshen zango za ta iya.

Ya ce, "Allah shi kyauta." Ya ninke katin ya sa aljihu, ya kira Nusaiba da Fillanci, ta ɗauki jakarta suka fita. Washegari ko ɗaya daga cikin sha huɗun bai zo ba, har yau.

Na san abin da ya faru. Wani ne ya je ya ce masu ina koya wa yara yin gumaka. Ban zauna ba, na je wurin limamin gari na tambaya, ya ce wasan yara ne, shi bai ga laifi ba. Na roƙe shi ya faɗa a masallaci, ya faɗa ranar Juma'a. Duk da haka ba su dawo ba. Malam Tayyib ya tafi Safana taro tun kafin abin ya faru, sai jibi zai dawo, ban san da wane ido zan kalle shi ba. Shekara biyunsa na zubar a mako biyu, kuma ban ga abin da na yi ba.

Shanun suna nan a taga da sauran katunan goma sha uku. Ba zan sauke ba, in na sauke kamar na amsa laifi ne. Aikin yaran yana da kyau, kuma gaskiya ba ta ɓuya. Abin da ke ci mani rai shi ne gurbin Nusaiba. Da safe ina kiran suna, in na zo kan nata sai idona ya kai kan wurin zamanta.

Ki rubuto don Allah, ko layi biyu ne.

'Yarki,
Mahfuza


Karare,
Alhamis, 4 ga Nuwamba.

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, ƙafa ba ta hana hannu rubutu. Da Kande ta miƙo mani takardarki na karanta, sai na gane tawa ba ta same ki ba. Na amsa maki tun ranar ashirin da ɗaya. Ashe motar Sahabi ta lalace a Batsari, tana wurin makanike, takardata tana cikinta tana shan rana. Na aika an karɓo, ga ta nan na haɗa da wannan. Ki fara karanta waccan.

Kin karanta? To ki share hawaye, kuka ba ya dawo da yaro aji. Liman kuma ki ba shi haƙuri, kin sa shi ya yi wa'azi a kan ciwon da ba shi ake yi ba. Ki duba da kyau, mutumin nan kati ya ɗauka, bai taɓa shanun ba.

Ga shawarata. Kar ki tunkari Malam Jinjiri, ya riga ya yi magana a gaban maza, ba zai janye don yarinya ta zo ta yi mashi bayani ba. Ki nemi tsohuwar gidan, in tana raye. Ki je da goro, ki cire takalmi tun daga nesa, ki durƙusa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ce. Kar ki ce ba ki sani ba sau goma, sau ɗaya ya isa. Kar ki ambaci adadi ko da wasa. In sun tambayi wanda ya koya maki, ki ce wata tsohuwar malama ce a Karare da ta girma ba ta yi hankali ba.

Shanun kuwa ki zuba su a bokiti ki tuttula ruwa su koma laka, kowa ya huta. Ki koma kan motar kara, ita ba ta da dangi.

Zancen ɗaliba ta wuce malama kuma na ajiye maki shi, za mu yi shi in ƙura ta lafa. Yaran za su dawo in sha Allahu. Wanda ya yi shekara biyu kafin ya yarda ya kawo ɗansa, ba ya son ya ga an ce ya yi kuskure.

Gwaggonki,
Uwani


Babban Duhu,
Litinin, 15 ga Nuwamba.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Lafiyata lau yanzu, ko da yake ranar da Kande ta kawo takardunki biyu ko abinci ban iya ci ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Yarinya 'yar shekara takwas ta faɗa mani gaskiya da bakinta, na ɗauke ta jahila. Da gudu na je na tsige katunan. Malam Tayyib da ya dawo bai yi mani faɗa ba, ya ce shi ma ya wuce ta gaban tagar yana murna, shi da ya fi ni daɗewa a nan.

Na bi shawararki, ban da guda ɗaya. Na ɗebo ruwa a bokiti, na ɗauki Saye zan jefa, hannuna ya ƙi. Ke kika ce kar in sa hannu in gyara wa yaro aikinsa, to narkarwa fa? Sai na sa 'ya'yan manoma muka share kusurwar aji ta can ciki, inda ba a hangowa daga hanya. Muka shimfiɗa yashi, muka binne tsohuwar tasa muka zuba ruwa, ta zama mashaya. Na kwaso shanun gidaje goma sha huɗu na cakuɗa su wuri ɗaya, har da jakuna da shanun huɗar 'ya'yan manoma. Ni kaina yanzu ban san na wane gida ne wanne ba.

Ranar Asabar na je ruga tare da matar Malam Tayyib. Tsohuwar tana nan, Inno, mahaifiyar Malam Jinjiri. Na yi yadda kika ce. Na fito da katunan goma sha uku na sa a murhunta a gabanta, muka zauna har suka cinye. Sai a lokacin ta amsa gaisuwata da kyau. Ita ta faɗa mani abin da ban sani ba. Ranar kasuwa wani mutum da Malam Jinjiri bai taɓa gani ba ya ba shi hannu yana dariya, ya ce, "Sannu mai talatin da ɗaya." Ta ce kuma ba su kai haka ba. Bara an kore masu shida daga wurin kiwo, amma Nusaiba ta gina har da su, don a wurinta har yanzu na gidan ne. Ke nan na tallata mutum da dukiyar da ma ba ta hannunsa.

Na roƙe ta ta zo ta ga ajin da idonta, ko ba za a dawo da yaran ba. Ta ce za ta gani.

Ranar Alhamis bayan an tashi ina share allo sai ga su, Inno a gaba, Malam Jinjiri a baya, Nusaiba tana maƙale da zanen kakarta. Ya dubi tagogin ya ga ba komai. Na nuna mashi kusurwar. Ya jingine sandarsa ya tsuguna. Na ce, "Baba, yanzu ko ni ban san naku ba."

Ya ce, "Mu mun sani."

Ya fara nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya daga cikin tarin nan, yana kiran suna a hankali, Nusaiba tana gyaɗa kai. Bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da ya zo kan wata mai farar fuska sai yatsansa ya tsaya a kanta. Inno ta raɗa mani cewa Wule ce, tana cikin shidan, ita ce saniyar da aka ba Nusaiba ranar sunanta. Ya ce wa 'yarsa, "Har karayar ƙahon kin tuna." Ta ce, "Na tuna."

Sannan ya juyo gare ni. Ya ce, "Malama, ba ni riƙe ki a rai. Amma kwana goma sha biyu katin ga ya yi bakin hanya, abin da ido ya gani ba a goge shi kamar allo. Jibi zan tashi da bisashen, ni da uwar yaran da ƙanana. Sai ruwa ya sauka, in Allah ya kai mu." Bai faɗi inda za su ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ce, "Nusaiba fa?" Ban san lokacin da muryata ta fita haka ba.

Inno ce ta amsa. Ta ce ita ƙafarta ba ta tafiyar nan, kuma tana son mai ɗebo mata ruwa.

Yau da safe yara goma sun dawo, huɗun sun bi iyayensu da suka tashi tare da shi. Malam Tayyib ya ce in ci gaba da aikin laka, har aji huɗu yana so in ɗauka, kuma zan ɗauka. Na san yadda ake yi yanzu. Amma kar ki ce in yi murna tukuna, Gwaggo. Na samu ɗalibata, ita kuma kwalina ya raba ta da uwarta har damina.

Nusaiba ta riga kowa zuwa. Na same ta a tsugune a kusurwa tana sauya ruwan tasar. Na ce mata ai ba dole ba ne kullum. Ta ce dole ne, don da za su tafi babanta ya ce mata, "Ki kula da waɗanga, ni in kula da waɗancan."

Ki sa mu a addu'a, su da ke hanya da mu da ke aji.

'Yarki,
Mahfuza